Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Aikinmu kan Manhajar Karanta Lissafi da Warware Shi

'Yan uwa mambobi masu daraja, bayan gaisuwa da fatan alheri, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da rahoton abin da ƙungiya ta gudanar a shekarar da ta ƙare. Kamar yadda babban taro ya amince, akasarin zamanmu na ƙara wa juna sani ya karkata ne ga aiki ɗaya, wato rubuta manhajar da za ta karɓi lissafi yadda mutum ya buga shi, misali 3 + 4 * (2 - 1), ta gane tsarinsa, sannan ta fitar da amsa.

A zangon farko, da yawa daga sababbin mambobi sun nemi a yi amfani da eval, umarnin da ke zartar da rubutun da aka ba shi a harsunan rubuta manhaja na Python da JavaScript, tun da layi ɗaya ya wadatar. Kwamiti ya ƙi amincewa, domin eval ba lissafi kaɗai yake yi ba, duk umarnin da aka cusa masa zartarwa yake, har da na goge fayil ko na kwashe bayanan sirri. Ko an tace haruffa an bar lambobi da alamomi zalla, wanda ya buga 9**9**9 (a Python, ** alama ce ta ninka lamba da kanta sau da yawa) ya isa ya daskarar da na'ura, saboda amsar tana da lambobi kusan miliyan 370. Wasu sun kawo shawarar ast.literal_eval, takwaran eval a Python da ba ya zartar da umarni, sai aka nuna musu cewa ko 2*3 ba ya karɓa.

Daga nan aka raba mahalarta rukuni biyu. Matakin datsa rubutu zuwa lambobi, alamomi da baka bai ba kowa wahala ba. Rukunin farko ya bi dabarar da Edsger Dijkstra ya bayyana a 1961 a Amsterdam, wadda ke ajiye alamomi a tari har lokacinsu ya zo, ta mayar da misalin da ke sama zuwa 3 4 2 1 - * +. Wannan salo na sa alama bayan lambobi juyin tsarin Jan Łukasiewicz ne na shekarun 1920, kuma ba ya buƙatar baka ko ɗaya. Rukuni na biyu ya rubuta nahawun lissafin da tsarin BNF na John Backus da Peter Naur, wato hanyar rubuta ƙa'idojin nahawu, ya ba kowace ƙa'ida aikinta mai kiran na ƙasa da shi. Bayan an gwada su, kwamiti ya zaɓi hanya ta uku don manhajar ƙungiya, wato ta Vaughan Pratt ta 1973, wadda ke ba kowace alama lambar da ke nuna ƙarfin riƙonta, ta yadda ƙara sabuwar alama ba ya tilasta rushe abin da aka riga aka gina.

Inda aka fi daɗewa ana muhawara shi ne kan ƙa'idojin kansu, kuma a ganin kwamiti nan ne ainihin aikin yake. Idan aka buga -2^2 (^ alama ce ta ninka lamba da kanta), Excel yana ba da 4, amma Python, da alamarsa ta **, yana ba da -4. Haka 2^3^2 yake zama 64 a Excel, wanda ke farawa daga hagu, ya zama 512 a Python, wanda ke farawa daga dama. Raba 7 da 2 yana ba da 3 a harshen C, amma 3.5 a Python 3. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kowanne ya zaɓi ƙa'idarsa ne tun farko. Saboda haka aka yanke cewa ba za a ƙara rubuta layi ko ɗaya ba sai an zayyana nahawun a takarda kowa ya amince. Mun bi tsarin Python a misalai biyun farko, kuma mun hana rubutu irin 2(3 + 4), sai mai amfani ya sa alamar ninkawa a fili, ko da yake wasu mambobi har yanzu suna ganin wannan tsauri ne.

An kuma ware zama guda don bayanin dalilin da ya sa 0.1 + 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Abin ya samo asali ne daga ma'aunin IEEE 754 na 1985, wanda ke adana lambobi a tsarin sifili da ɗaya, inda 0.1 ba ta ƙarewa daidai. Duk mai lissafin kuɗi an shawarce shi da ya koma ga decimal, ɓangaren Python da ke lissafi da tsarin goma-goma.

Akwai ayyukan da ba a kammala ba. Saƙonnin kuskure har yanzu ba sa nuna ainihin wurin da aka manta rufe baka, rabawa da sifili kuwa an magance ta. Baka mai zurfi ƙwarai tana iya kai manhajar ga iyakar da Python ya sa wa zurfin kiran da aikin manhaja zai yi wa kansa, wadda aka saba saita ta a 1000, don haka dole a sa wa tsawon rubutun da zurfinsa iyaka. Ba a kuma daidaita kan masu rubuta waƙafi a madadin ɗigo a lambobi irin 3.5 ba, kamar yadda ake yi a Jamus da Faransa.

Waɗannan ukun ne kwamiti ke neman babban taro ya amince a sa gaba a shekara mai zuwa, tare da roƙon mambobin da suka ƙware su ba da sunayensu ga sakatare don duba aikin sababbi. Ma'aji zai gabatar da rahoton kuɗi daban a ranar taron.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa