Da Zhaohu: Kalmar Sinanci Da Ya Kamata 'Yan Kasuwarmu Su Riƙe

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu ja hankalin 'yan kasuwar Sakkwato masu zuwa sari biranen Guangzhou da Yiwu na ƙasar Sin, da matasanmu masu aiki tare da Sinawa, kan wata kalma da masu koyon Sinanci ke yawan kuskurewa: da zhaohu.

Ma'anarta biyu ce: gaida mutum, da kuma sanar da shi abu tun da wuri. Amma ba ita ake faɗa wa mutum in an haɗu ba. Sunan aikin ne kawai. Gaisuwar kanta ni hao ce, ga dattijo ko maigida kuma nin hao.

Wajen furuci Bahaushe na da sa'a, don Hausa ma tana da karin sauti. A sauke murya a kan da, a ɗaga ta a miƙe a kan zhao, sai hu a taƙaice. Zh kusan j ce, sai dai ana lanƙwasa harshe baya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne jerin kalmomi. Wanda za a gaida yana zuwa ne kafin kalmar da zhaohu, bayan gen mai ma'anar "tare da": gen laoban da zhaohu, wato a gaida maigida. Wanda ya ce da zhaohu laoban ya karya nahawu, domin zhaohu ta riga ta tare gurbin karɓau, wato wanda aikin ke faɗa wa. Ana kuma raba ta a saka ge a tsakiya, da ge zhaohu, magana ta yi taushi.

Ma'ana ta biyun ce ke jawo asara. In mai masana'anta ya ce tiqian da ge zhaohu, nufinsa ka sanar da shi kafin ka zo, ko kafin ka sauya yawan kaya. Wanda ya ɗauka gaisuwa ake nema sai ya faɗo ba sanarwa, ya tarar babu mai tarbarsa. Abin ya fi tsanani gab da bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa.

Cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci suna Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka, sun yi mana nisa. Muna roƙon Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta duba yiwuwar shirya gajeren kwas na Sinancin kasuwanci.

Naka,
Wasu masu koyar da Sinanci, Sakkwato