Koken Manoman Rani da Masunta Kan Ɓarnar Dorina a Gaɓar Kogin Gongola

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Yamaltu,
Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, Jihar Gombe.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Mu talakawanka, manoman rani da masunta na Dadin Kowa da Hinna da Difa, mun kawo kuka gaban uba, bayan mun sanar da masu unguwanninmu da dagatanmu.

Ranka ya daɗe, tun da aka kammala madatsar ruwan Dadin Kowa a 1984 wannan ruwa ke ciyar da mu. Da shi muke noman shinkafa damina da rani, da masara da tumatir da albasa da kankana, motoci na lodi zuwa Gombe da Biu. To amma ruwan da ba ya ƙafewa ya zama gidan dorina, kuma ɓarnarta ta kai mu maƙura.

Da rana tana kwance cikin ruwa, sai dare ya yi ta fito kiwo. Guda ɗaya kan ci ciyawa kusan kilo 40 a dare, ga shi ba ita kaɗai take fitowa ba. Abin da ta tattake ma ya fi wanda ta ci: ta rushe kunya, ta baje fangali, ta fasa tiyon ban ruwa. Mutum ya ci bashin taki da man inji, shinkafa ta fara fitar da kai, ya wayi gari ya tarar da fili. Mai bashi kuwa ba ruwansa da dorina. Yanzu magidanta a gona suke kwana, ana hura wuta ana buga garwa, sauro na cin rabonsa. Masunta ma ba su tsira ba, domin mai ɗa a gefe ba ta ƙyale kwalekwale.

Ba cewa muke a kashe ta ba. Mun san doka ta kare ta. Mun kuma san gonaki sun matsa har bakin ruwa, inda dā can makiyayarta ce.

Roƙonmu shi ne Sarki ya kira zama da jami'an gandun daji da na aikin gona, tare da sarakunan noma da sarakunan ruwa, a zaga a ga hanyoyin da take bi. A ware mata wurin kiwo a gaɓa, a taimaka mana da shinge mai ƙarfi ko rami a mashigar gonaki, a girke ma'aikatan da za mu kira idan ta fito. Waɗanda suka yi asara kuma a rubuta sunayensu ta hannun dagatai, a kai gaban gwamnati ko sa samu iri da taki kafin dashen rani mai zuwa.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Manoman rani da masuntan gaɓar Gongola.