Rahoton shekara: wayar dare, zaman iyaye, da inda muka gaza

Salam 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Sakatariyarku ce, kuma eh na sani rahoton ya makara kamar na bara, ku yi haƙuri, sau uku ina fara shi ina gogewa saboda duk abin da na rubuta sai in ga kamar zai nuna wani. Kamar yadda muka yi alƙawari tun farko babu suna a ciki, babu gari, babu lambar waya, ko lissafin mutum nawa suka kira mu ba ma rubutawa, abin da ba a rubuta ba ai ba a tsintar shi a wayar mutum. Wasunku suna ƙasashen da irin wannan ƙungiya tamu ta masu son jinsi ɗaya za ta yi rajista ta buɗe ofis har da allo a bakin ƙofa, wasunku kuma suna inda doka ke hukunta haɗuwar ita kanta, dokar Najeriya ta 2014 shekara 10 ta yanka wa wanda ya kafa ko ya tallafa wa irin wannan ƙungiya, ta Yuganda ta 2023 kuma har hukuncin kisa ta tanada a wasu laifukan. To rahoto ɗaya ne zai je wa kowa, dole in rubuta shi daidai da wanda ya fi kowa shiga haɗari.

Bari in fara da wayar dare, wato layin da muke riƙewa da dare don masu neman wanda zai saurare su, tunda ita ce ta cinye mana shekarar. Da muka fara ta mun ɗauka kiran gaggawa za a riƙa yi, wani an kore shi daga gida, wata an kama ta da saƙo a waya, kuma ana samun hakan. Amma wallahi mafi yawan masu zuwa ba sa ma kira, rubutu suke, kuma sai dare ya raba kowa ya yi barci, yaro ya shige bargo da waya ya rubuto sallama sai ya yi shiru minti ashirin, ka amsa ka jira, can sai ya ce "wai akwai irina?" Ita ce tambayar da ta fi kowace yawa a bana. Ba kuɗi yake nema ba ba hanyar fita waje ba, so yake wani ɗan adam ya ji abin da ke ransa bai tofa masa yawu ba. Wasu ko sunan abin ba su iya faɗa, kalmomin da suka sani duk na zagi ne, ɗan daudu, 'yar maɗigo, ɗan luwaɗi, da su aka jefe su tun suna ƙanana, shi ya sa muka ce wa masu riƙe waya kar su liƙa wa kowa suna, LGBT (taƙaitaccen sunan Turanci na masu son jinsi ɗaya, masu son jinsi biyu da masu sauya jinsi) ko wani abu, a bar mutum ya kira kansa da abin da ya ga dama ko ya ƙi kira gaba ɗaya.

Horon da muka yi wa masu riƙe wayar a farkon shekara shi ne abu mafi amfani da muka kashe wa kuɗi, ni a ganina. Wata 'yar uwa da ta karanci halayyar ɗan adam ita ta jagoranta, kuma abin da ya fi ba mu wuya shi ne da ta ce idan ka ji alamar mutum ya gaji da rayuwa ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Da yawanmu muka ce haba, ai sai ka sa masa abin a rai. Ta ce sam, masu bincike sun duba wannan sun ga tambayar ba ta shuka tunanin, sauƙi ma take kawowa, mutum ya ga ashe akwai wanda zai iya jin maganar bai gudu ba. Daga nan sai a zauna da shi a tsara abin da zai yi idan duhun ya dawo, alamun da yake gani a jikinsa kafin abin ya taso, abin da ke ɗauke masa hankali, mutum ɗaya ko biyu da zai iya kira, da kuma nesanta kansa da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Sannan a tura shi wajen likita. Wannan na ƙarshen ina so in nanata saboda wasunmu zuciya ta kan ɗauke su, mu ba likitoci ba ne, mai ciwon damuwa mai tsanani magani yake buƙata da ƙwararre, hirarmu ta riƙe shi ne ya kai safiya.

Wani ya tambaya a mitin ɗin tsakiyar shekara me ya sa ba za mu tura mutane manyan layukan taimako mu huta ba. Muna turawa, ga wanda yake ƙasar da layin ke aiki. Switchboard a Landan tun 1974 suke ɗaukar wayar mutane irin namu, Trevor Project a Amurka tun 1998 kuma su matasa suka sa a gaba. Amma yaron da Hausa kaɗai ke fita daga bakinsa idan kuka ya zo, kuma katin kiran waje ba shi da shi, ina ruwansa da Landan. Kuma kun ga abin da ya faru da layin 988 na Amurka, na masu tunanin kashe kansu, an buɗe shi a 2022 da sashe na musamman da matasa irin namu ke danna 3 su samu wanda aka horar domin su, a watan Yulin 2025 gwamnati ta rufe sashen. Ƙasa mai arziki ke nan. Ranar da na ji labarin na ce toh, wanda ya dogara da tabarmar aro ya kwana da shirin zama a ƙasa, gara tamu ƙaramar wayar da ke hannunmu ko da cajinta na ƙarewa.

Zaman mako-mako ya ci gaba, an sha fashi lokacin jarrabawa da lokacin da netwok ya yi ta wulaƙanta mu, amma bai mutu ba. Zaman da aka fi cika shi ne wanda aka yi kan tambayar ko son jinsi ɗaya ciwo ne. An yi bayanin cewa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi baya ranar 17 ga Mayu 1990, shi ya sa ake tuna ranar duk shekara. Sai wata ƙanwarmu ta ce in ba ciwo ba ne me ya sa dukkanmu ba ma iya barci, aka yi dariya amma tambaya ce ta gaske. Amsar da aka ba ta ita ce wadda wani masani Ilan Meyer ya tsara a 2003, cewa abin da ke cinye mutum shi ne nauyin da aka ɗora masa, ɓoyo kullum, jiran ranar da asiri zai tonu, auna kowace kalma kafin ka furta a gidanku, da kuma zagin da ka ji har ka fara yi wa kanka da kanka. Wanda ya ɗauki wannan kayan shekara goma dole wuyansa ya yi ciwo.

Maganar addini ta taso kusan kowane zama, kuma matsayinmu bai canja ba, ba ma ba da fatawa ba ma hana kowa ibadarsa ba ma yi wa imanin kowa dariya. Akwai waɗanda suka zaɓi su kame kansu saboda abin da suka yi imani da shi, akwai waɗanda suka zaɓi wata hanyar, duka 'yan ƙungiya ne. An ɗan yi zafi a kan haka sau ɗaya har mutum biyu suka fita daga gurup, ɗaya ya dawo.

Yanzu zaman iyaye, wanda ni da kaina na ce ba zai yiwu ba, na ci maganata. Ba su da yawa, kuma duk mata ne, uwaye da yayye da wata gwaggo, har yau uba ko ɗaya bai leƙo ba. Ba wai sun yarda da komai ba ne, kar ku ɗauka haka, akwai wadda har gobe addu'arta Allah ya canja mata ɗanta kuma ba mu ce ta daina ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne, kar a doke shi, kar a kore shi, kar a tona shi a dangi, kar a kai shi inda za a ɗaure shi da sunan gyara. Mun gaya musu binciken Caitlin Ryan da aka buga a 2009, wanda ya nuna matasan da gida ya yi wa mummunar ƙyama sun ninka waɗanda ba a ƙyamata ba fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai, kuma ko rage tsanar aka yi kaɗan haɗarin yana sauka. Trevor Project ma a 2019 sun samu cewa matashin da ke da babba ko guda ɗaya da ya karɓe shi, yiwuwar ya yi yunƙurin ta ragu da kashi 40 cikin 100. Wata uwa ta yi shiru ta ce wato ko ni kaɗai ce a gidan ya isa a ga bambanci, aka ce mata eh Mama. Ba ta ƙara magana ba ranar, amma ɗan nata ya rubuto bayan kwana biyu ya ce ta dawo tana kiransa da sunan da take kiransa yana ƙarami. Abin ya tuna mun da Jeanne Manford, malamar makaranta a New York da ta fito tattaki tare da ɗanta a 1972, daga nan aka samu PFLAG, ƙungiyar iyaye da dangin mutane irin namu, a 1973, ita ma uwa ɗaya ce ta fara.

Sai inda muka gaza, kuma ba zan shafa masa mai ba. A tsakiyar shekara wani da aka shigo da shi ba tare da an bi ƙa'idar mutum biyu su tsaya masa ba ya ɗauki sikirinshot na hirar gurup ya fara neman kuɗi a wajen wani ɗan uwa. An rufe gurup ɗin a daren, an buɗe sabo a manhajar Signal da saƙo mai gogewa da kansa, an cire hotunan fuska, amma ɓarnar ta riga ta faru, ɗan uwan nan sai da ya bar inda yake zaune. Laifinmu ne mu adimin, tausayi ya sa muka tsallake ƙa'ida. Tun daga nan muke ta nanata darasin tarko, wanda za ka haɗu da shi a manhaja ya yi ta zaƙin baki ya ce ka zo ɗaki, ka je ka tarar da ƙarti suna jira da kyamara. Haɗuwar farko a bainar jama'a da rana, wani ya san inda kake, kar ka tura hoton da fuskarka ke ciki, kuma in an fara yi maka barazana kar ka biya a ɓoye ka yi shiru, wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo, ka zo mu nemo lauya.

Mafaka ma mun gaza. Waɗanda aka kora daga gida sun fi ɗakunan da muke da su, wasu kwana biyu uku muka iya riƙe su a wajen 'yan uwa sai aka rasa yadda za a yi. Masu tambayar Rainbow Railroad ta Kanada, eh suna taimaka wa mutane su bar inda rayuwarsu ke cikin haɗari, amma masu nema sun ninka abin da suke iya ɗauka nesa ba kusa ba, kar kowa ya sayar da kayansa yana jiran amsa. Ƙa'idar 'yan ƙasa da shekara 18 tana nan daram, babba ba ya hira da yaro shi kaɗai a asirce, ba ya sauke shi a ɗakinsa, dole mutum biyu su san da maganar, kuma bana mun sallami mutum ɗaya saboda ya karya ta, ba mu jira wani abu ya faru ba.

Ɓangaren lafiya a gurguje, an yi zama biyu kan gwajin HIV, da PrEP da ake sha don kariya kafin a kamu, da PEP da ake sha bayan an yi abin da ake tsoron an kamu, wanda dole a fara cikin awa 72 a sha na kwana 28. Jerin asibitocin da ba sa wulaƙanta mutum yana wajen masu riƙe waya, ba a turawa a gurup. Wanda aka ci wa fuska a wani wuri ya faɗa mana mu cire wurin.

Kuɗi, ma'aji zai karanta dalla-dalla a mitin, a taƙaice dai data da kuɗin mota na gaggawa da kuɗin ganin likita su suka cinye kusan komai, kuma karo-karon wata ya ja baya sosai bayan abin da ya faru da gurup, ban ga laifin kowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu riƙe wayar da kansu. Mutum ya kwana yana jin kukan wani, gari ya waye ya tafi aiki ko makaranta kamar ba komai, kuma shi ma da nasa kayan a ka. Biyu daga cikin waɗanda suka fi ƙwazo sun ajiye bana, ɗaya ta ce mun ta kai inda in wayar ta yi ƙara gabanta ke faɗuwa, kuma ni ce ke tsara jadawalin ban lura dare nawa take yi a jere ba. Shawarar da kwamiti zai kawo ita ce kar kowa ya wuce dare biyu a mako, duk wanda ya karɓi kira mai nauyi a kira shi washegari a ji lafiyarsa, kuma kowa ya samu wata guda cur na hutu a shekara ko ya so ko bai so ba. Hakan ba zai yiwu ba sai an samu sabbin hannu, don haka wanda ya shekara da mu kuma yake ganin zai iya, ya yi wa wanda ya tsaya masa magana, horo zai fara bayan zaɓe.

Zaɓen kwamiti a mitin mai zuwa ne, za a turo lokaci ta hanyar da kuka sani awa ɗaya kafin a fara. Kujerar sakatare ma a buɗe take, ni zan koma riƙon waya daren Laraba da Asabar. In kun gama karantawa ku goge.