A auna babban ɗalibi da abin da ya kawo shi aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan azuzuwan yaƙi da jahilci. Ina koyar da manya, kuma yadda ake auna ci gabansu yana damuna ƙwarai.

Tun 1967 ake bikin ranar ilimin karatu da rubutu ta UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a kowace 8 ga Satumba, ana tuna mana cewa manya sama da miliyan 700 a duniya ba su iya karatu ba, kusan kashi biyu bisa uku mata ne. Sai a buɗe sababbin azuzuwa, a ƙirga waɗanda suka yi rajista, a raba takardun shaida. Ba a cika tambayar me ya sa benci ke yin fayau bayan 'yan makonni ba.

Dalilin a fili yake. Magidanci ko uwar 'ya'ya ba ta bar aikinta ta zo aji haka kawai ba. Wata tana so ta karanta takardar maganin ɗanta, ta san sau nawa za a ba shi. Wani yana so ya rubuta bashin da yake bin mutane, ko ya karanta saƙon waya ba tare da ya tona asirinsa ga wani ba. Idan aka miƙa wa irin waɗannan littafin 'yan aji ɗaya, aka sa su rera haruffa wata guda cur, kunya da gajiya za su kore su. Ga kuma abin da malamai da yawa ba sa lura da shi: daga shekara 40 ganin kusa yakan fara raguwa, sai a ɗauka dattijo ba ya ganewa, alhali tabarau da manyan haruffa yake bukata.

A 1963, a garin Angicos na ƙasar Brazil, masanin ilimi Paulo Freire da abokan aikinsa sun fara zama da mutane suna tattara kalmomin da suke amfani da su kullum, sannan suka gina darasi a kansu. Ma'aikata kusan 300 suka fara karatu cikin awa 40 na koyarwa. Ba na cewa kowa zai samu wannan sakamako, amma fara darasi da sauraro abu ne da kowane malami zai iya.

To, ta yaya za a auna? A ƙidayar jama'a ta ƙasashe da dama, tambaya kawai ake yi: ka iya karatu? Mutum ya ce e ko a'a, wani lokaci ma maigida ne ke amsa wa kowa. Wannan awo bai isa ba, domin iya karatu hawa-hawa ne. Shi ya sa binciken ƙwarewar manya mai suna PIAAC, na ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD, yake ba manya ainihin rubutu su yi aiki da shi, sannan ya sanya su a matakai.

Malamin ƙaramin aji ma zai iya kwatanta haka. A makon farko ya zauna da kowane ɗalibi shi kaɗai, ya rubuta abin da ya riga ya iya da abin da yake nema. Da yawansu sun ƙware a lissafi da ka, rubuta shi ne ya gagare su, don haka ɓata lokaci ne a koma da su kan ƙirga ɗaya zuwa goma. Ya ajiye aikin kowa a fayil da kwanan wata. Bayan wata uku a kawo fom na gaske ko rasit, a ga abin da zai yi da shi. A gwada shi da inda ya faro, kada a gwada shi da na kusa da shi, kuma a daina karanto maki a bainar jama'a. Babba yana da mutuncin da yake karewa.

Roƙona ga masu ɗaukar nauyin waɗannan shirye-shirye shi ne su ware kuɗin komawa ga ɗalibai wata shida bayan yaye su, saboda karatun da ba a amfani da shi yakan zube. Ku ma 'yan jarida, idan aka gayyace ku bikin yaye ɗalibai, ku tambayi mutum nawa suka fara, nawa suka kammala, kuma da me aka gwada su.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin ajin manya