Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya na Gana kan gwajin ciwon daji a zangunan Kumasi

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka wannan wasiƙa ne daga Aboabo, ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, a kan ciwon daji, musamman na mama da na bakin mahaifa da na hanta, waɗanda galibi sai sun ci jikin mutum ake kai shi asibiti.

Kumasi ba baƙuwa ba ce a fagen binciken wannan cuta. A asibitin koyarwa na Komfo Anokye aka kafa rajistar masu ciwon daji ta Kumasi a 2012, kuma tsakanin 2013 da 2015 an gudanar da babban bincike kan ciwon dajin mama a Accra da Kumasi tare da cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka. Roƙona shi ne amfanin irin wannan aiki ya shigo cikin zango.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa kafin 2030 a gwada kashi 70 cikin ɗari na mata don gano ciwon dajin bakin mahaifa, sau ɗaya kafin shekara 35, sannan a maimaita kafin 45. Ba za mu kai ga wannan adadi ba matuƙar ana jiran matar zango ta rufe shagonta na kasuwar Kejetia, ta nemi iznin maigida, ta biya kuɗin mota, sannan ta tarar namiji ne zai duba ta. Kunya a wurinmu tarbiyya ce, kuma tsarin da bai lissafa da ita ba zai yi ta jiran matan da ba za su zo ba. A birnin Mumbai na Indiya, mata ma'aikatan lafiya na unguwa, waɗanda ba likitoci ba ne, sun riƙa duba bakin mahaifa da ruwan khal, kuma sakamakon da aka bayyana a 2013 ya nuna mace-macen wannan ciwo sun ragu da kashi 31 cikin ɗari. Yanzu ma akwai gwajin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo ciwon dajin bakin mahaifa, wanda mace za ta ɗauki samfurin da kanta a ɗakinta. Me zai hana a gwada wannan hanya a Asawase da Aboabo, ta hannun magajiyoyi, wato shugabannin matan zango, da malaman makaranta mata, kuma katin inshorar lafiya ya ɗauki kuɗin?

Batun abinci da motsa jiki kuwa, yawancin binciken da ake kafa mana hujja da shi a Turai da Amurka aka yi shi, a kan mutanen da ba su san tuwo da koko da ƙuli-ƙuli ba. Gyaɗa da masara idan suka yi fumfuna a ajiya suna ɗaukar gubar aflatoksin, wadda in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B take ƙara haɗarin ciwon dajin hanta ƙwarai. Tunda sai a 2002 aka sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran jarirai a Gana, yawancin magidantanmu ba su samu ba, don haka ya dace a riƙa kawo gwajinsa harabar masallatan Juma'a.

Idan masu bincike sun zo, a yi wa mutane bayanin yarjejeniyar shiga binciken da Hausa, kuma a dawo a faɗa wa unguwa abin da aka gano a gaban sarakunan zango da limamai.

Na gode, Allah ya yi maka jagora.

Wani mazaunin Aboabo, Kumasi