Rahoton Ayyukan Shekara: Gonar Makaranta da Ma'aunin Ruwan Sama

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata da sauran 'yan uwa mambobi, ga bayanin abin da kwamitin noma da makarantu ya gudanar daga bazarar da ta wuce zuwa ƙarshen kakar bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi ranar babban taro.

Za ku tuna abin da ya sa muka ɗauko wannan aiki. Yaro ɗan manomi, jikan manomi, ya kai aji biyar bai iya bambanta maiwa da gero ba, kuma ba ya ganin fartanya a makaranta sai ranar da ya makara aka ce ya je ya nome bayan aji. Shi ya sa roƙonmu na farko ga shugabannin makarantu shi ne a daina horo da noma. Sun amince, mun gode musu. Yaron da ya san fartanya a matsayin hukunci ba zai so gona ba, ko nawa muka kashe wajen iri da taki.

Aikin da ya fi kowane samun karɓuwa shi ne wanda ya fi araha, wato ma'aunin ruwan sama. Gorar roba ce mai miƙaƙƙen jiki, a yanke samanta a kifa shi ciki kamar mazurari, a zuba tsakuwa da ɗan ruwa a gindi, a manna rula daga inda ruwan ya tsaya. An kafa kowace a fili, nesa da itace da indararo. Kullum da safe kafin a shiga aji yara biyu ke dubawa su rubuta a littafi, ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

Wani malamin lissafi ya ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai. Ya zana murabba'i a ƙasa, mita ɗaya kowane ɓangare, ya yayyafa ruwa lita ɗaya a ciki, ya ce wa yara wannan shi ne milimita 1. Daga nan suka lissafa da kansu: a hekta guda milimita 1 lita 10,000 ce, ruwan milimita 20 kuwa lita 200,000, wato jarka 8,000 mai cin lita 25. Yawancinsu suna ɗebo ruwa a jarka kowace safiya, sun san nauyinta a ka, don haka ajin ya kaure da mamaki da alkalumman suka fito a allo.

Da ruwan farko ya sauka, yara suka matsa sai an yi shuka. Muka gayyato wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya. Bai ko kalli gorar ba. Ya tsuguna ya tona ƙasa da hannu, ya nuna musu inda laima ta tsaya da inda busasshiyar ƙasa ta fara, ya ce wannan ruwan kwantar da ƙura ne, ba na shuka ba. Washegari malami ya kawo musu ƙa'idar da masu binciken noma ke amfani da ita a yankin Sahel: ana ɗaukar damina ta kankama idan an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fari na fiye da kwana bakwai ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Abin da ke cikin littafin yaran bai kai haka ba. Hannun dattijo da gorar yara suka faɗi abu ɗaya, kuma a ganinmu wannan ne babban darasin shekarar nan, don yaran sun daina ɗaukar ilimin kakanninsu a matsayin camfi, dattawa kuma sun fara aiko jikoki su tambayo milimita nawa aka yi jiya.

An karanta musu hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, an kuma tattara alamomin da aka gada: zuwan shamuwa, gawo da ke zubar da ganye idan sauran itatuwa na toho, juyawar iska daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. A nan wata yarinya ta yi tambayar da ta tsayar da malaminta. In iskar da ke kawo laima daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa hadari ke tasowa daga gabas? Amsar ita ce iskar ƙasa daban, ta sama daban. A can sama iska na kaɗawa daga gabas, ita ke turo gajimare yamma. Irin wannan tambaya muke nema.

A gonakin makarantun an shuka gero da wake. An raba kowace gona uku: kashi ɗaya da takin gargajiya, ɗaya da takin zamani cikin murfin kwalba a kowane rami, ɗaya ba komai. Gani ya kori ji. Kashin da ba a sa wa taki ba nan wuta-wuta ya fi yawa, aka nuna wa yara yadda yake manne da saiwar gero yana tsotsa, da dalilin da ya sa ake tuge shi kafin ya yi fure: tushe ɗaya na zubar da dubban ƙwayoyin iri, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Sun kuma tuge wake sun ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, suka fasa da farce suka ga cikinsu ja-ja. A nan ne ƙwayoyin halittar da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska suke zaune, kuma shi ne dalilin da iyayenmu ke haɗa wake da hatsi tun kafin zuwan malaman gona.

Sai matsalar da ta fi damun mu. Dogon hutu yana faɗawa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin marka da maimai. A wata makaranta awaki suka shiga suka cinye waken, ciyawa ta rufe geron, littafin ruwa ya zauna ba rubutu a watan da aka fi ruwa. Inda aka raba wa yaran da ke kusa kwanaki, aka kuma haɗa su da maigadi, an yi girbi har da ɗaurin dammuna. Bambancin bai wuce shinge da tsari ba.

Bayan girbi iyaye mata suka karɓi ragama. An raba waken biyu, rabi a buhu na yau da kullum, rabi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban. Ba a sa magani ba, rashin iska ke kashe ƙwarin. Za a buɗe su gaban iyaye kafin azumi. Mun dage da wannan darasi ne saboda yadda ake barbaɗa maganin ƙwari cikin wake a kasuwanninmu. Kan haka ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, mu kuwa shi muke dafa wa 'ya'yanmu.

An kai ziyara maƙera, yara sun ga yadda ake ƙera sungumi da magirbi. An je ruga, inda ardo ya bi da su burtali ya bayyana musu tsohuwar al'adar sauke shanu a gona bayan kaka, makiyayi ya sami karmami, manomi ya sami taki. An kuma fara koya musu sassabin zamani irin wanda ya faro a yankin Maraɗi a shekarun 1980, wato a bar tohon kututture a gyara shi ya zama itace maimakon a sare a ƙone.

Lambun rani bai yiwu ba bana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur na injin ban ruwa ya fi ƙarfin asusunmu, don haka kwamiti na ba da shawarar a haƙura da shi har sai an sami rijiya kusa da makaranta.

Abin da muke nema daga babban taro abu uku ne: amincewa da kuɗin shinge kafin ruwa ya sauka, izinin rubuta wa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, don neman damar kai yaran aji shida ziyara, da kuma mutum biyu daga kowace unguwa da za su kula da gona da littafin ruwa lokacin dogon hutu. Duk mai niyyar wannan na ƙarshe ya ba da sunansa wurin sakatare ranar taro, maza da mata.

Sakataren kwamitin noma da makarantu