Mahaifina Ya Yi Wa'azi a Zaune, Dattawa Sun Ce Raini Ne

Baba Rabaran,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba na fashin sauraron shirinka, shi ya sa na kawo maka kukana.

Mahaifina mai bishara ne a ƙauyenmu, a kan aikin ya tsufa. Bana ciwon gwiwa ya matsa masa, tsayuwar minti 10 ma gagararsa take yi. Wata Lahadi ya sa aka kawo masa kujera, ya yi wa'azi a zaune. Bayan sujada dattawan ikilisiya suka same shi, suka ce zama a gaban Maganar Allah raini ne, ko ya tsaya ko ya bar wa matasa. Bai ce uffan ba, amma tun ranar ko abincin kirki ba ya ci.

Ni kuwa ina makarantar Littafi Mai Tsarki, muna koyon Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, sai na bi sawun kalmar kathizo, wato zauna. A Matiyu 5:1 Yesu ya hau dutse, sai da ya zauna sannan ya fara koyarwa. A Luka 5:3 cikin jirgin Siman ya zauna ya koyar da taro. Wadda ta fi taɓa ni ita ce Luka 4, a majami'ar Nazarat: ya miƙe ya yi karatu, ya naɗe littafin, ya zauna, idon kowa na kansa, sannan ya yi musu magana. Ashe zama shi ne al'adar malami a wurin Yahudawa.

Abin da ke sa ni ɗari-ɗari shi ne Ibraniyawa 10:11-12. Firistoci kullum a tsaye suke suna hidima, Almasihu kuwa ya zauna domin ya gama aikinsa. Ina tsoron dattawa su ce to, ai wanda ya zauna ya gama ke nan. Amma a Ayyukan Manzanni 18:11 kalmar nan ce aka yi amfani da ita ga Bulus, da ya zauna a Koranti shekara 1 da wata 6 yana koyarwa, kamar yadda mu ma muke cewa wane ya zauna a gari.

Baba, na fahimci kalmar daidai, ko ƙaunar mahaifina ce ta rinjaye ni? In kuwa daidai ne, ta yaya yaro kamata zai kai wa sa'annin ubansa wannan magana ba tare da an ce karatu ya sa masa girman kai ba?

Ɗanka cikin Ubangiji,
daga ƙasar Malumfashi